Sarƙar Tana Goga

Babban yatsan Mai Keke ne ya fara yi masa tawaye. Shekara da shekaru yana tura ɗan ƙarfen canza giya na tsohon kekensa ba tare da ya ma san yana yi ba, sai ga shi bana ciwon gaɓoɓi ya kama yatsan, ya ƙi lanƙwasuwa. Abin kuwa ba na wasa ba ne, domin matarsa tana gidan 'yarsu, can saman tudu, tun da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta. Tudun nan ba ya hawuwa sai an sassauta giya. Ya gwada tura keken a ƙasa, gwiwa ta ce ba da ita ba. Kwana da kwanaki ke nan bai je ba, kuma kewa tana cin sa.

'Yar ce ta kawo masa abin canza giya na zamani, irin wanda ake ɗan taɓawa ya yi ƙas.

"Baba, ka sa wannan," ta ce. "Tarkacen bayan nan kuma a cire shi gaba ɗaya a sa sabo."

"Tarkace? Giyar nan ta girme ki. In na cire ta sai na canza wili, in na canza wili me ya rage na keken?"

Ta yi dariya ta tafi, ta bar shi da taurin kansa.

Sai dai sabo da tsoho sun ƙi jituwa. Duk ƙas ɗin da sabon zai yi, jan da yake yi wa waya ya yi kaɗan, tsohon ƙarfen da ke tura sarƙa bai isa inda ya kamata ba, sarƙa ta tsaya tsakanin haƙora tana tsalle. Ya zauna a kan benci ya zuba wa abin ido har shayinsa ya huce. Can ya kwance noti, ya zagaya da wayar ta ɗaya gefen, kusa da gaɓar ƙarfen, yadda ɗan ja kaɗan zai motsa shi da yawa. Ya goga 'yar hanya a jikin washa, ɗan faifan ƙarfen da ke ƙarƙashin notin, don wayar ta zauna. Ya taɓa, sarƙa ta hau.

Saura daidaitawar ƙarshe, kuma nan ne gizo ke saƙa. Aikin kunne ne, shi kuwa kunnensa ya daɗe da yin nauyi. A da matarsa ce take ɗaga masa sirdi, yana juya feda da hannu, ita tana karkata kai tana saurare, ta gaya masa ko sarƙa tana goga. Yanzu igiya ya ɗaura a katakon rufin shagonsa na gyaran keke ya rataye keken. Igiya kuwa ba ta magana. Ya juya feda, ya kasa kunne, bai ji komai ba sai shirun shagon, shirun ya yi masa ciwo. Ya ɗaure yadda ya ga dama ya sauko da keken.

Tudun ya hawu. Ya iske matarsa zaune a kan kujera a tsakar gida, an lulluɓe mata ƙafafu.

"Sannu, bawan Allah," ta ce. "Wa kake nema?"

Ya san za a yi haka, amma sanin bai rage masa komai ba. Ya zauna kusa da ita. Can sai 'yar ta ce ya nuna mata aikin da ya yi. 'Yar ta ɗaga sirdi, ya durƙusa yana juya feda yana taɓa sabon abin.

Sai tsohuwar ta karkata kai.

"Malam, tana goga. Sassauta kaɗan."

Hannunsa ya tsaya. Bai yarda ya ɗago ba, don kada ya kori abin da ya zo. Ya lalubi ɗan notin daidaita waya ya murɗa a hankali.

"Yawwa, ta zauna. Kai dai kullum sai ka ɗaure abu kamar kana fushi da shi."

"Ai shi ya sa nake da ke," ya ce.

Idonta ya riga ya koma kan wata kaza da ke tono a gindin bango. Da ya tashi tafiya ta ce, "A gai da mutanen gida, bawan Allah."

Keken ya gangaro lafiya lau, bai taɓa tafiya sumul haka ba. A gindin tudu Mai Keke ya taka birki ya sauka. Ya durƙusa a bakin titi, motoci suna wucewa, ya kama ɗan notin nan ya mayar da shi inda yake da safe. Gobe ma zai hau tudun, kuma yana so matarsa ta ji sarƙar tana goga.