Tudun Tamada

Ruwan bai zo da hayaniya ba. Da hantsin wata Laraba, a ƙarshen daminar 1994, Barira tana juya tarwaɗa a kan murhun banda sai ta ji sanyi a tafin ƙafarta. Ta duba ƙasa, ta ga jan ruwa yana rarrafowa ta ƙarƙashin zana. Kafin a kira azahar ya kai gwiwa. Kafin la'asar, Tungar Illo, ƙauyen masunta mai gidaje arba'in da ɗoriya a bakin tafkin Kainji, ba a ganin komai nata sai jinkaye suna yawo a kan ruwa.

Ba a rasa rai ba. Maza sun yi ta jigila da jirage har aka kwashe kowa zuwa makarantar firamare da ke kan tudu. Amma washegari iska ta taso, ta yi ta buga jiragen da duwatsun gindin tudun inda aka ɗaure su. Cikin jirgi goma sha tara, uku ne suka tsira.

Barira ta kusa shekara hamsin. Mijinta ya rasu damina huɗu da suka wuce, ya bar ta da 'yarta Kulu da sana'ar bandar kifi, wadda ta sa har 'yan kasuwar Yelwa sun san sunanta. Wannan ba shi ne tashinta na farko ba. Tana amarya aka tashe su daga tsibirinsu lokacin da aka datse kogi aka yi tafkin, don haka ta san irin zaman da ake yi bayan ruwa ya ci gari.

A rana ta huɗu wasu ma'aikata suka zo daga birni da garin kwaki da tabarmi. Suka rubuta sunayen magidanta, suka ce a dakata, za a dawo. Aka dakata. Maza suka samu gindin wata tsamiya suna zama suna kallon hanya, mata na dafa abin da ya samu a cikin azuzuwa, yara na tari.

Abin da ya fi ci wa Barira rai shi ne kifi. Bayan ambaliya kifi yakan yi yawa, jiragen nan uku kuwa duk fitar da suka yi sai sun dawo a cike. Amma babu murhu ko ɗaya. Abin da ba a ci ba a ranar, kashegari sai wari. A rana ta tara ta ga an haƙa rami ana binne rabin kwandon karfasa. Ta ɗaura mayafi ta nufi tsamiya wurin Mainasara, wan mijinta, wanda shi ne Sarkin Ruwan tungar.

Ta durƙusa gefe ta gaishe shi, sannan ta ce, "Yaya, sai yaushe za mu zauna haka?"

"Sun ce za su komo," in ji shi.

"Lokacin da anka tashe mu daga tsibiri ma haka sunka ce. Ka tuna wa ya yi muna rumbu? Mu munka yi abinmu."

Mainasara ya ja carbinsa. "To mi kike so a yi? Hedimasta ya ce yara za su koma karatu, ba ya barin a gina komai a filin makaranta. Tungarmu tana ƙarƙashin ruwa. A sama za mu yi gini?"

Barira ta nuna gabas da haɓa. Bayan makarantar akwai wani faffaɗan tudu mai jar ƙasa, wanda ruwa bai taɓa hawa ba. Wasu daga cikin mazan da ke zaune suka yi dariya, don kowa ya san tudun na Tamada ne, wani dattijon manomi Bakambare, kuma kowa ya san abin da ke tsakaninsa da masunta. Shekara shida da suka wuce matan Tunga sun sare masa itatuwan kirya guda bakwai don wutar banda. Ya kai ƙara wurin hakimi, aka ba shi haƙuri, amma tun daga ranar bai ƙara sayen kifinsu ba, bai kuma ƙara amsa sallamarsu ba.

Mainasara ya ce, "Ke kin manta wa ya riƙe gatari ranar?"

"Ban manta ba. Ni ce. Shi ya sa ni za ni tafi."

Ta tafi da hantsi, ita da Kulu. Ba su tarar da Tamada a gida ba. Matarsa ta nuna musu gangare, suka same shi tsaye cikin ruwa har ƙugu, da lauje a hannu. A gabansa gonar shinkafarsa ce, ta nuna sarai, amma ruwa ya kai mata wuya. Iyakar inda ƙafarsa ke kaiwa ya yanka, bai fi dami uku ba. Sauran, har inda ido ya tsaya, kawunanta kaɗai ke leƙe.

Barira ta yi sallama sau biyu. A na uku ya amsa ba tare da ya waiwayo ba.

"Baba Tamada, ni ce Barira, wadda ta sare maka kirya."

Sai a lokacin ya juyo. Ya dube ta sama da ƙasa. "Na gane ki. Yanzu kuma mi ya rage da za ki sara?"

"Ban zo da gatari ba. Na zo neman gafara, na kuma zo roƙo. Amma na ga kai ma ruwa bai bar ka ba."

Ya juya ya kalli gonar. Muryarsa ta sauka. Ya ce 'ya'yansa biyu suna aikin ƙwadago a Kontagora, ya aika musu amma ba su iso ba. In aka ƙara kwana huɗu shinkafar za ta nutse, har irin da zai shuka baɗi.

Barira ba ta ambaci tudu ba. Ta ce masa kawai ya wasa duk laujen da ke gidansa.

Da ta koma ta faɗa wa mazan cewa tana son a ba da jiragen nan uku na kwana uku a yanke wa Tamada shinkafa, sai gardama ta kaure. Wani ya ce yanzu ne lokacin kifi, ba a barin ruwa a tafi gonar wani. Wani ya ce mutumin da ba ya amsa sallama ba ya cancanci gayya. Aka tambaye ta ko ya yi alkawarin ba da filin, ta ce bai yi ba, ba ta ma tambaye shi ba. Nan hayaniyar ta ƙaru.

Sahabi, masassaƙin jirgi, wanda ba ya yawan magana, shi ne ya kashe gardamar. Ya ce, "Kifin da kuke kamawa a rami yake ƙarewa. Ni dai jirgina yana cikin ukun nan, kuma gobe gonar Tamada za shi."

Mainasara ya dubi sauran masu jirgin. Can ya ce, "In jirgi ɗaya ya tafi, kunya ce ga sauran. A tafi da duka."

Kwana uku suka yi a gonar. Mutum ɗaya na tura jirgi da gora, biyu na kwance a baki suna kamo kawunan shinkafa suna yankewa. Masunta ba su iya lauje ba, da yawa sun yanke yatsu, matan Kambari da ke karɓar dami a gaɓa suna yi musu dariya. A rana ta biyu dariyar ta zama waƙa, mata na bayarwa masu jirgi na amshi. Ba a tsira da duka gonar ba, ɓangaren da ke can cikin kwari ya riga ya nutse. Amma abin da aka shanya a kan falalen dutse ya fi rabi.

A yammacin rana ta uku Tamada ya zo makarantar da kansa, da sanda da tsohuwar hularsa ta kaba. Ya gaisa da Mainasara, ya zauna a bakin tabarma.

Ya ce, "Sarkin Ruwa, matar ƙanenka ta ce ta zo roƙo, amma har yau ba ta faɗi abin da take roƙo ba. Na dai san shi. Daga gindin ɗorawa zuwa hanyar shanu, ku gina. Amma da sharaɗi. Icen da ke tsaye a tudun nan, ba mai taɓa shi. Kuma duk wanda ya kafa ɗaki, ya dasa ice biyu."

Mainasara ya kalli Barira. Ta ce, "Mun karɓa, Baba. Ruwa ya kawo muna busassun itatuwa da za su kai mu rani. Bayan nan sai mu san dabara."

Aka je gaban hakimi aka maimaita maganar a gaban shaidu, don kada 'ya'ya su tashi su yi musu a kanta.

Wata gardamar ta sake tashi a kan abin da za a fara ginawa. Kowane magidanci yana son ɗakinsa. Barira ta dage a kan murhu. Ta ce ɗaki ba ya haifar da murhu, amma murhu yana haifar da ɗaki. A ƙarshe aka bar mata da aikinsu. Cikin kwana biyar suka kwaɓa ƙasa suka tayar da murahu shida a jere, ba na kowa ba, na tunga duka. Da Barira ta lura yadda matan Kambari ke rufe bakin tukunyar tuya don tsimin wuta, sai ta sa aka ƙanƙance bakin murahun, aka yi musu murfi da tsoffin kwanonin rufi da ruwa ya kwaso. Icen da a da yake ƙarewa a yini ɗaya ya koma kaiwa biyu.

Jiragen uku aka raba su da kwana, kowane gida da ranarsa. Duk wanda ya dawo da kifi sai ya ware kwando ɗaya a cikin biyar. Ranar kasuwar Yelwa Kulu ta kai wannan kason, ta dawo da katako da ƙusoshi da zaren taru. Sahabi ya kafa rumfarsa a gindin ɗorawa yana faci, yana haɗa gaban wannan jirgi da bayan wancan. Kafin wata ya cika jirage sun zama bakwai.

Ɗakuna kuwa da gayya aka yi su, kullum ɗaya. An fara da na tsofaffi da masu jego. Kambari suka koya musu yadda ake ɗaga gindin ɗaki da duwatsu kafin a ɗora ƙasa. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai ranar da wani ya ɓoye kifinsa ya ƙi ware kason tunga, aka hana shi jirgi mako guda, matarsa ta daina gaida Barira. Akwai kuma gidaje huɗu da suka gaji da jira suka kwashe iyalansu zuwa Wara wurin dangi, ba su dawo ba.

Wata rana ana cin abincin gayya, rediyon Sahabi da ke rataye a reshe ya ba da labarin wata ƙasa mai suna Haiti, can bayan teku, inda guguwa da ruwa suka rushe gidaje suka kashe mutane da yawa. Kowa ya tsaya da loma a hannu.

Kulu ta ce, "Inna, su ko suna da tudu?"

Barira ta ce, "Allah Ya sa suna da maƙwabta." Aka yi musu addu'a, aka koma kwaɓa ƙasa.

Ma'aikatan nan sun dawo a wata na uku, da kwanon rufi da buhunan siminti. Suka nufi makaranta suka tarar yara na karatu. Da aka nuna musu tudu, babbansu ya tsaya yana kallon ɗakuna talatin da hayaƙin banda, ya tambayi wace ƙungiya ce ta yi aikin. Mainasara ya ce ba ƙungiya ba ce, su ne. Aka zauna shawara a kan kayan, don ba za su ishi kowa ba. Matar Tamada ce ta ce, da masunta da manoma duk ruwan tafki suke sha, kuma tun bayan ambaliya yara ke gudawa. Aka yarda a yi rijiya da simintin, a tsakiyar hanya tsakanin gidajen masunta da na manoma, kwanon kuma a rufe rumfar murahu.

Da sanyi ya shiga, ruwa ya ja baya, tsohuwar tungar ta fito, ba komai sai laka da fasassun tukwane. Barira ta bi jirgin Sahabi ta je. Ta nemi kabarin mijinta a maƙabarta, amma ruwa ya shafe alamun duka. Ta tsaya inda take zaton nan ne, ta yi addu'a, ta yi kuka kaɗan. Sahabi ya juya baya yana gyara igiya har ta gama.

Da suka dawo ta tarar da Tamada a ƙofar ɗakinta, ya ajiye ƙananan dashe biyu a cikin fasasshiyar ƙwarya, saiwoyinsu naɗe da danyar ƙasa.

"Kowa ya dasa dogonyaro," in ji shi. "Ke naki kirya ne. Ba ta saurin girma, sai kin yi haƙuri da ita."

"Ko ban sha inuwarta ba, Kulu ta sha."

"Ki kewaye ta da ƙaya, awakinku ba su da kunya."

Barira ta yi dariya, ta shiga ɗaki ta fito da manyan tarwaɗa biyu masu ƙyalli, ta naɗe a ganye ta miƙa masa. Ya juya su, ya shinshina, ya sa a jakarsa. Sannan ya ce ta ɗauko fartanya, ya nuna mata zurfin ramin da za ta haƙa.