Kayan Kafaɗar Hagu

A shekarar da ma'aikatu suke kwaso komatsansu daga Legas zuwa Abuja, Zacharias, manomin doya a Karu, ya sha zirga-zirga har maƙwabcinsa Labaran ya samo wa Rita, 'yar Zacharias ɗin, gurbin mai buga tafireta. Yarinya ta ce ita zane za ta yi. Zane! Mutum ya sayar da doya ya biya makaranta don a zo ana shafa fenti a katako?

Ran Asabar da hantsi ya faɗa ɗakinta, niyyarsa ya kwashe allunan zanenta ya toshe ɓarakar akurkin kaji da su.

"Wannan kuma mene ne? Gwangwanin fenti ne ya kife?"

"Zane ne, Baba."

Ya ƙura ido. Babu mutum, babu bishiya, ko akuya babu. Ja ne shimfiɗe a ƙasa kamar hanyar gona, shuɗi ya miƙe tsaye a tsakiya, sai wani dunƙulen rawaya da ya rinjaya gefe guda.

"Ko daidaita abu ba ki iya ba. Wa yake ɗora kaya a karkace haka? Ai sai a sa shi a bisa..."

Bai ƙarasa ba. Matansu na Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Haka Christiana, uwar Rita, take dawowa daga gona, ƙwarya cike da doya a kafaɗa, har damunar da ta kwanta ba ta tashi ba.

Rita ta ce a hankali, "Fuskarta ta ɓace mini, Baba. Ba mu da hotonta. Kullum a bayanta nake tafiya, abin da na riƙe ke nan."

Tsoho ya matso gaban allon. Ya kai yatsa kusa da rawayan, bai taɓa ba.

"A hagu take ɗauka, wannan kin yi daidai. Amma zaninta ya fi haka duhu. Ke ba ki san shuni ba ne?"

"To yaya zan yi?"

"Ƙara baƙi kaɗan. Kaɗan na ce, kar ki cika hannu."

Ya jawo kujera ya zauna, ya ajiye hularsa a gwiwa.

"Aikin Labaran fa, Baba?"

"Ya ba wata. Ke dai gyara mini zanin nan in gani."