Burodin da Ke Bayan Ƙofa

Tun da aka binne uwarta Benvinda, Dulce ta daina cin abinci. Ba ta fito ta ce ta daina ba. Za ta zauna a teburi, ta ɗauki cokali, ta yi ta juya abin da ke cikin faranti har ya huce, sannan ta ce, "Na ƙoshi, Baba," ta tashi. Aurélio yana ganin hannun 'yarsa yana ƙara sirancewa, agogon uwarta da ta ɗaura yana zamewa har kusa da gwiwar hannu. Likita kuwa ba ta ɓoye masa ba. Ta ce in aka dawo awo na gaba yarinyar ba ta ƙaru ba, gado za a ba ta a asibiti, a riƙa ɗura mata abinci ta roba.

Aurélio mai ɗaure igiya ne a jirgin fito da ke kai mutanen Barreiro aiki Lisbon. Duk zamansa da Benvinda bai taɓa dafa abin da ya wuce ruwan shayi ba. Wata rana da ya tashi daga aiki, ya hangi wani sabon littafin girki a shagon tashar jirgi, mai ɗauke da abincin kowane yanki na ƙasar, da hotuna masu sheƙi. Ya daɗe tsaye yana kallonsa kafin ya shiga. Ya fito da shi a ɓoye cikin riga, don kada abokan aiki su samu abin tsokana.

Ya yi ta gwadawa. Ya sa tabarau, yana bin layi da yatsa, yana karantawa a fili kamar ɗan firamare. Ya dafa shinkafa da agwagwa, ya gasa kifi, ya ƙone tukunya har ta daina wankuwa. Dulce takan ce, "Sannu da aiki, Baba," ta juya cokali, ta tashi.

Wata safiya ya bar littafin a kan teburi. Da ya fito daga wanka sai ya tarar Dulce tana buɗawa, ta tsaya a kan wani hoto: kwano ne na romon tafarnuwa da man zaitun, da yankan burodi a ciki, da dafaffen ƙwai a sama. Asorda, abincin mutanen Alentejo, ƙasar su Benvinda.

"Sun ce wai in ba a samu poejo ba a sa wani ganye," in ji Dulce, ba ta ɗago kai ba. "Mama ba ta taɓa musanya shi ba. Gara ta fasa."

Aurélio ya tsaya riƙe da tawul. Rabon da ta yi maganar abinci tun ranar jana'iza.

"Kina so?"

Ta ɗaga kafaɗa, ta rufe littafin. Amma ba ta ce a'a ba.

Ya zagaye kasuwar Barreiro rumfa rumfa. Wata tsohuwa mai sayar da ganye ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Poejo a tsakiyar rani? Maigida, ko dai maiɗakinka ciki gare ta?" Matan da ke kusa suka bushe da dariya. Tsohuwar ta lura da baƙin ƙyallen makoki da ke hannun rigarsa, ta daina dariya. Ta miƙa masa na'ana'a ta ce ya shinshina, wai kusan ɗaya ne. Ya shinshina, sai ya gane bai ma san ko ɗaya ne ko ba ɗaya ba. Shekara da shekaru yana cin ganyen nan a kwanon matarsa, ko kamanninsa bai sani ba.

Ranar Asabar ya hau mota zuwa ƙauyen su Benvinda, wajen yayarta Custódia. Ya same ta a ƙofar gida cikin baƙaƙen kaya tana ɓare wake.

"Ɗan birni! Lafiya? Ina Dulce?"

"Tana nan, Yaya. Ba ta ci."

"Har yanzu?"

"Poejo na zo nema."

Custódia ta ture kwanon wake, ta ɗauki sandarta. Rafin da ita da Benvinda suke tsinko shi suna yara ya ƙafe, sai fararen duwatsu. Suka bi shi suna dubawa, rana tana dukansu, har bayan wata tsohuwar rijiya inda ƙasa ke da ɗan laima. Aurélio ya duƙa da sauri ya tuge wani ganye.

"Wannan na awaki ne," in ji Custódia. "Kai dai, ko ciyawar jaki ƙanwata ta zuba maka da ka lashe kwano ka ce a ƙaro."

Ta nuna masa wani mai ƙananan ganye da ya kwanta a ƙasa. Ya murza shi da yatsa ya kai hanci. Nan take ya ji ƙamshin hannun Benvinda, da na ɗakin girkinta ranar Lahadi. Ya zauna a bakin rijiyar yana kuka. Custódia ta juya masa baya tana tsinka, ta bar shi ya gama.

Abin da suka samu bai wuce cikin tafi ba. Ta naɗe masa a jiƙaƙƙen tsumma, ta haɗa masa da ƙwai da kwalbar man zaitun.

"Kana da burodi?"

"Kada ki damu, Yaya. Wanda ya fi kowanne zan samo."

Littafin ya ce tsohon burodi ake sawa, wanda ya kwana biyu ya bushe. Aurélio ya karanta wannan layin, amma ya ɗauke shi dabarar talakawan da, waɗanda ba sa iya zubar da komai. 'Yarsa ba ta da lafiya, ya za a yi ya ba ta busasshen burodi? Da safiyar Lahadi ya bi layi a gidan burodi, ya dawo da guda mai zafi, yana ƙona masa hannu ta cikin takarda.

Ya raba ganyen biyu, ya ajiye rabi. Ya daka tafarnuwa da gishiri da poejo a ɗan turmin Benvinda, ya zuba mai, ya fasa ƙwai a tafasasshen ruwa. Ƙamshi ya cika gidan. Ya ji ƙofar ɗakin Dulce ta buɗe. Ya yanka burodin a kwano, ya kwarara romon a kai.

Burodin ya sha ruwa ya narke nan take, ya zama wani farin kunu mai yauƙi. Ya sa cokali don ya ceto, abin ya ƙara dagulewa.

Dulce tana tsaye a bakin ƙofa. Ta leƙa kwanon.

"Baba, burodin yau ka sa?"

"Daga tanda. Na ce ko zai fi miki laushi."

Sai ta yi dariya, 'yar gajeriya, irin wadda ya manta sautinta. Kafin ya yi murna dariyar ta koma kuka. Aurélio ya ja kujera ya zauna, ya dafe kai.

"Na ɓata, 'yata. Tafiyar nan duka, na ɓata."

Ta share fuska da bayan hannu. Ta tura ƙofar ɗakin girkin, ta miƙa hannu bayanta, inda jakar burodi ta yadi take rataye a ƙusa. Su duka biyun sun san abin da ke ciki, kuma ba wanda ya taɓa kai hannu wurin. Rabin burodi ne, wanda Benvinda ta yanka da safiyar ranar da ta yanke jiki ta faɗi.

"Dulce, wannan na Mamanki ne."

"Na sani. Don asorda ta ajiye shi. Ta ce mini ranar Lahadi za ta yi."

"In muka ci, shi ke nan fa."

"Ka ɗora ruwa, Baba."

Burodin ya yi tauri kamar itace. Dulce ta jingina shi a ƙirjinta yadda uwarta take yi, tana jawo wuƙa wajenta, tana nishi. Wani gutsure ya faɗi ƙasa. Ta ɗauka ta sumbace shi, yadda ake yi wa burodi in ya faɗi, ta jefa a kwano. Aurélio ya daka sauran ganyen, har wanda ya manne a tsumma. Wannan karon burodin ya sha romo ya kumbura, amma ya tsaya da jikinsa.

Suka zauna. Aurélio ya kafa ido a taga don kada ta ga yana kallonta, amma kunnensa yana wajen kwanonta. Ya ji cokali ya taɓa. Shiru. Ya sake ji.

"Gishiri ya yi yawa," in ji ta.

"Zan rage nan gaba."

Ta fasa ƙwan, ƙwanduwar ta bazu cikin romo. Tana ci hawaye yana zuba, ba ta share ba, ba ta kuma ajiye cokalin ba. Ta ci fiye da rabi kafin ta ce ta ƙoshi, kuma wannan karon gaskiya ta faɗa.

Da suka gama, Aurélio ya ɗauki jakar yadin ya karkaɗe ta a tafin hannunsa. 'Yan burbushi ne suka fito. Ya daɗe yana kallonsu. Ba sauran wani abu a gidan da Benvinda ta fara ba ta gama ba.

Dulce ta ɗauko ragowar burodin da ya sayo da safe, ta sa a jakar, ta mayar da ita kan ƙusa.

"Kada ka taɓa shi sai ya bushe," in ji ta.

"To," in ji shi. Ya zuba burbushin a baki, ya tashi ya wanke turmin.