Bidon da Ya Daina Kaiwa Gida

Alhaji Chindo na Gidan Rumji ya je Maradi sayen buhunan wofi, ya dawo da tayoyi huɗu. A tasha ya ga wata motar poroje, irin ta ma'aikatan agaji, tsaye, fara fat, ƙafafunta kamar na giwa, mutane sun kewaye ta suna shafawa. Mutanen ya tsaya kallo fiye da motar. Shekara da shekaru yana jigilar gero da wake tsakanin Gidan Rumji da kasuwar Cadakori a tsohuwar a-kori-kurarsa, kuma babu mahaluƙin da ya taɓa ɗora mata hannu sai in turi ya kama.

Makanike ya ce tayoyin da ya sayo, irin na motar porojen, sun fi ƙarfin a-kori-kurar. Alhaji ya ce ba shawara ya zo saye ba. Aka yanke ƙarfen da ke saman ƙafafun don su sami wurin juyawa, aka ɗaga motar, aka ɗaura. Ta tsaya tana kallon gari daga sama, da tsatsarta da fitilarta guda, kamar tsohuwar da ta ari takalmin soja.

Direban motar Iro ne, ɗan ƙanwar Alhaji wadda ta rasu. Allurar mai ta mutu tun kafin Iro ya karɓi tuƙi, don haka ma'auni ɗaya ne a gidan. Ranar kasuwa da safe Alhaji da kansa yake ɗaga bido guda na mai, wato jarka, ya juye a tanki, ya girgiza har ɗigon ƙarshe, ya ce a je a dawo lafiya. Bido guda ke kai mota Cadakori da ƙauyukan bayanta, ya dawo da ita ƙofar gida. Alhaji ya yarda da wannan yadda ya yarda da alƙibla.

Abin da bai sani ba, bidon yana kaiwa ya dawo har da saura. Ba yawa, abin da zai cika kwalba ya ɗan ɗora. Duk ranar kasuwa, bayan ya sauke fasinjan ƙarshe, Iro yakan tsaya a gindin wani gawo kafin shiga gari, ya zura tiyo a tanki, ya zuƙe ragowar don babur ɗinsa. Direbobin tasha suna ce wa wannan wankin tanki, kuma babu wanda ke jin kunyarsa a tsakaninsu. Shi ma Iro bai taɓa kiransa sata ba. A ganinsa man da ya rage bayan an gama aiki ba shi da uba.

Kasuwar farko da sababbin tayoyi, Iro ya ji bambancin tun a ƙofar gida. Motar ta tashi da nishi, sai ya danna totur sosai kafin ta motsa. Tudun da a da take hawa tana waƙa, yanzu sai ya sauko da giya. A cikin rairayi kam, a faɗi gaskiya, ba ta nutse ko sau ɗaya ba, kuma a Cadakori an shafa ta. Da yamma Iro ya zura tiyo a gindin gawo, ya zuƙi iska.

Mako na biyu kaya sun fi nauyi, motar ta mutu tun ba ta kai gawon ba. Fasinjoji suka sauka suka tura, cikinsu har da Jaye, wani makiyayi da ke bin motar kowace kasuwa da ragunansa. Jaye ya ce shi dai ya biya kuɗin a ɗauke shi, bai san an juya cinikin ba. Mako na uku haka. Na huɗu ma haka.

Alhaji ya kira Iro zaure. Alhajin ya taɓa zaman lakol, makarantar boko, kafin mahaifinsa ya cire shi, kuma abin da ya rage masa daga can shi ne karanta lamba. Ya ce shi da kansa ya duba agogon kilomita, ya ga tun da aka sa tayoyin nan hanyar Cadakori ma raguwa ta yi. Hanya ta gajarce, mai kuma ya daina isa. Ya tambayi Iro ko yana da sunan da zai ba wannan al'ajabi.

Iro ya yi bayani iyakar saninsa. Ya ce babbar taya tana da nauyi da faɗi, tana kama ƙasa, inji sai ya sha wahala kafin ya juya ta, kuma da aka ɗaga motar iska ta sami ƙirjin da za ta riƙa tokara. Agogon kuwa juyin taya yake ƙirgawa, babba tana cin ƙasa da yawa a juyi ɗaya, shi ya sa yake nuna kamar hanya ta ragu.

“Madalla,” in ji Alhaji. “Da bakinka ka ce tana cin ƙasa da yawa a juyi ɗaya. To mai dogon taku da mai gajeren taku, wa ke riga gajiya?”

“Kawu, mai dogon takun nan turmi aka ɗaura masa a ƙafa.”

“Turmi ko tiyo?”

Nan Iro ya ga inda ya maƙale. Hujjarsa mafi ƙarfi tana cikin bakinsa: a da saura ake samu, yanzu sauran ya tafi, har ya ci cikin na hanya. Amma duk wanda ya ji a da ana samun saura, zai tambayi inda take zuwa.

Alhaji ya sa aka ɗauko Alƙur'ani. Ya ce Iro ya yi alwala ya dafa, ya rantse bakinsa bai taɓa zuƙar mai daga tankin nan ba, magana ta mutu. Iro ya dubi littafin, ya dubi tabarma. Tun da ya karɓi tuƙi, wannan ne watan farko da bai taɓa man kawunsa ba, kuma shi ne watan da aka kama shi. Ya ce ba zai dafa ba. Alhaji ya miƙa hannu, Iro ya ɗora masa makulli.

Kafin sallar la'asar gari ya ji. Masu sayar da mai a kwalba suka riƙa tambayarsa ko yana da na sari. Matarsa Batulu ta ce ya koma ya faɗi komai ya huta, ya ce in ya faɗi tsohon laifi wa zai yarda babu sabo. Ta ce to ya zauna ya ci gaskiyarsa, ita dai ba ta iya dafa ta.

Ranar kasuwa Alhaji ya juye bido, ya ɗaura wa murfin tanki ƙaramin kwaɗo, ya ɗare kujerar direba da babbar riga. Ya tafi yana ɗaga wa mutane hannu daga sama. A dawowa, da sauran tafiya mai kyau kafin gawo, motar ta yi tari, ta yi shiru. Alhaji ya murza makulli har hannunsa ya gaji. Fasinjoji suka fara saukowa ba tare da an ce musu ba, don sun saba.

Jaye ya zagaya ya leƙa kwaɗon, ya ja shi, ya ga yana nan daram.

“Alhaji,” ya ce, “Iron nan mugu ne. Yana gida yana sha.”

 Alhaji ya ciro waya. Iro ne ya kawo mai a kwalabe bisa babur, ya zuba, ya karɓi makulli ba wanda ya ce masa ya karɓa. Har suka iso gida ba a ambaci taya ba.

Washegari da hantsi, a ƙofar gida gaban maƙwabta, Alhaji ya yi jawabi. Ya ce ɗan Adam ajizi ne, yaro ya yi kuskure, amma shi ba zai tozarta jinin ƙanwarsa ba. Ya yafe masa duniya da lahira, ya koma bakin aikinsa. Mutane suka ce Allah ya saka wa Alhaji, irinsa sun yi ƙaranci.

Iro ya tsaya yana auna abin. An yafe masa laifin da bai yi ba, a gaban jama'a, kuma in ya karɓa sunan ya zauna masa har abada. Amma akwai wani laifin a gefe, tsoho, wanda ba a nema masa yafiya ba, ga kuma yafiya a ƙasa ba mai ita. Ko tana hawa kan laifin da mai yafewa bai san da shi ba? Ya yi niyyar tambayar liman, ya tuna liman abokin Alhaji ne. Ya durƙusa.

“Na gode, Kawu.”

Kasuwa ta zagayo. Alhaji ya juye bido, sannan ya shiga zaure ya fito da wani rabin ya ƙara. Ya ce ya lura man zamanin nan ba shi da auki, duk an tsinka shi. Tayoyin suna nan, an wanke su har suna sheƙi.

Da yamma ƙafar Iro ta taka birki a gindin gawo da kanta. Ya sauka, ya jingina kafaɗa da motar ya girgiza. Ya ji mai yana kaɗawa a ciki, fiye da na da. Makullin kwaɗon yana rataye tare da na mota, tiyo yana bayan kujera inda yake kullum. Ya tsaya har inuwar gawon ta wuce shi. Sannan ya hau ya tayar.

Alhaji yana ƙofar gida. Ya zagaya motar, ya shafa taya, ya dafa gefe ya girgiza, ya kasa kunne. Fuskarsa ta washe. Ya juya wajen maƙwabta.

“Kun ji ko? Da ya daina sata, har saura ake samu.”