Rediyon Baba Mai Niƙa

"Ke ba ki ji ba?" Baba mai niƙa ya tambaya, ya karkatar da kai gefe kamar mai sauraron wani abu a bayan bango.

Mai ɗinki ta ɗaga ƙafa daga kan keke. An ɗauke wuta tun hantsi, injinsa a kashe yake, layin ya yi tsit. Ta ce, "Me zan ji, Baba? Ko kaza ba ta yi kuka ba."

"Injin. Yana tafiya."

Ta leƙa shagonsa, wanda bango ɗaya ya raba da nata shekara da shekaru. Bel ɗin injin yana rataye a sake, gari ya kwanta a kansa. Da yake bakinta ba ya mutuwa sai ta ce, "To ka ce masa ya niƙa wa mutane hatsinsu, tunda shi ba ya jiran wuta."

Bai yi dariya ba. Ya ce da can sai ya kwanta yake jin ƙarar, siririya kamar kukan gyare. Yanzu ta yi kauri, ta cika kunnuwan biyu, kuma kullum ƙara matsowa take yi.

Maganin da ya samo wa kansa shi ne wani tsohon rediyo. Ba labarai yake ji ba. Sai ya murɗa shi tsakanin tasha da tasha, inda babu komai sai shuuu, ya bar shi haka safe da yamma don ya danne ƙarar cikin kansa. Ɗakin kwanansa yana bayan shagon, nata ma haka, saboda haka wannan shuuu ɗin ya zama abokin zamanta ita ma. Ta buga bango ta gaji. Ta yi mita har 'yarsa da ke aure a wata unguwa ta san zancen.

"Baba, akwai likitan kunne a babban asibiti. Ranar Talata yake zama. Ni zan raka ka."

"In ya leƙa ya ce kunnen ya mutu fa? Ya ce in bar injin?"

"In kuma ya ce akwai magani fa?"

Ya daɗe yana murza audugar da yake toshe kunne da ita a yatsunsa. "'Yar nan, tsoro nake ji," ya ce a hankali. "Jiya na ji kamar ana kirana a cikin ƙarar. Ban amsa ba."

Tausayinsa ya kama ta har ta rasa abin zolaya. Ta dai tsare shi da ido sai da ya ce to, Talata.

Ranar Talata da safe ta yafa mayafi ta zagaya ta ƙofarsa. Rediyo na ta shuuu. Ta yi sallama, shiru. Ta sake yi, sannan ta tura ƙofar.

Yana zaune a kan kujera, ya sa rigarsa ta fita, ya goge takalmi, hularsa a kan gwiwa. Ya cire audugar kunnensa ya ajiye a gefen rediyo, tas, don likita ya samu hanya. Kansa ya karkata gefe, fuskarsa a sake, kamar wanda a ƙarshe ya gane muryar da ke kiransa. Ta taɓa hannunsa ta ji sanyi.

Duk kai-kawon da aka yi a ranar, babu wanda ya tuna da rediyon. Sai da yamma, bayan an binne shi mutane sun watse, ta zauna da 'yarsa a ɗakin suna ninke kayansa. Idanunta sun yi nauyi don kuka, kanta na sarawa.

"Don Allah kashe abin nan," ta ce. "Mai shi ya huta, mu ma mu huta."

'Yar ta dube ta. "Wane abu, Inna?"

"Rediyon mana."

"Ai tun ɗazu na kashe shi." Ta buɗe tafin hannunta. Batiran ne a ciki.

Mai ɗinki ta kasa kunne. Shuuu ɗin yana nan, siriri, ba daga kan tebur ba, ba daga bango ba. Ta sa yatsu ta toshe kunnuwanta, sai ya ƙara fitowa fili. Ta tuna shekarun da ta yi tana taka keke, injin na ruri a bayan kanta. Rediyon da take zagi ashe har tata ƙarar yake dannewa.

"Inna, lafiya?"

"Talata mai zuwa kina da hidima?" ta tambaya. "Ina so ki raka ni asibiti."

'Yar ta gyaɗa kai. Ta ajiye batiran a kan tebur, kusa da audugar nan biyu, ɗaya ya gangara a hankali ya tsaya a jikin rediyon.