Kujerar Baba Mai Agogo

"Ɗan ja min kujerar nan, Malama, inuwa ta cim mini," in ji Baba Mai Agogo.

Malama, maƙwabciyarsa, ta ja kujerar zuwa ƙofar shagon, inda rana take. Idonsa na hagu a rufe da auduga, na daman yana ta zubar da ruwa saboda haske. Ya rame har agogon hannunsa yana zamewa.

Ita ta jawo wannan zaman. Ranar da likita ya ce ciwon daji ne, sai an cire idon, ta same shi yana kuka a bayan teburin shagonsa. Da idon nan yake leƙa cikin agogo tun kafin a haife ta. Tausayi ya kama ta, ta ce masa ta karanta cewa bitamin D, wanda jiki ke samu daga rana, yana maganin ciwon. A gaskiya abin da ta karanta shi ne ana kan gwaji, ba a tabbatar ba. Wannan ɓangaren ta haɗiye shi.

Bai koma asibiti ba. Ya sayi ƙwayoyin bitamin ɗin, ya kama zaman rana.

"Baba, da dai ka koma wurin likitan nan," ta ce, murya ƙasa ƙasa.

"Ga ki kusa, me zan yi da likita? Dubi yadda na gasu, saura a barbaɗa min gishiri."

Ta yi dariyar dole. Maganar ta zo har bakinta, ta koma. Ta ce a ranta, gobe.

Da ɗansa ya zo ya kai shi asibiti da ƙarfi, aka ce ciwon ya riga ya bazu. Bai daɗe ba ya rasu.

Da ta shiga gaisuwa, matarsa ta riƙe mata hannu gam.

"Allah ya saka miki, 'yata. Kullum cewa yake ke kaɗai ce ba ki ba shi tsoro ba."

"Mama, ai ni..."

"Kar ki yi kuka. Ke kam kin yi naki."

Malama ta fito kanta a sunkuye, ta kasa ma samun takalminta sai da aka nuna mata. An kulle shagon, amma tana jin agogunan suna ta bugawa a ciki. Kujerar tana nan inda ta ajiye ta, inuwa ta rufe ta gaba ɗaya.