Dutsen da Radoje Ya Ɗauka

"Ki yi masa magana, Malama, ke ya fi jin nauyi," in ji Stanka. Tana riƙe da igiyar jakar, mijinta Radoje yana ja.

Darinka ta jingina da shingen da ya raba gidajensu ta leƙa. Dutse ne a jakar, ya kai girman burodi. Ta koyar a makarantar ƙauyensu, Bukova, har ranar da aka rufe ta don rashin yara, ba sai an faɗa mata yau idin Annabi Iliya ne ba.

A zamanin kakanninsu sojojin Ostiriya suka zo da na'urori suka auna tsaunuka, suka ce na maƙwabtansu mutanen Jasen ya ɗara na Bukova da mita biyu. Tun daga lokacin, duk ranar idin, kowane namiji a Bukova sai ya hau da dutse ya ɗora a kan tulin da ke ƙololuwa, don tsauninsu ya kamo na Jasen. Tsaunin ya sha suna. Turkawa sun sa masa nasu, jam'iyya mai mulki ta sa masa na wani jarumin yaƙi, daga baya aka goge sunan daga taswira. Mutanen ƙauye dai Mai Takaba suke ce masa. Suna kuma rantsuwa kakan Radoje ne ya fara taka samansa. Darinka ta fi zaton akuya ce.

"Radoje, masu awo abin da Allah ya dasa suke aunawa, ba abin da kuka jibga ba. Na koya wa 'ya'yanka wannan."

"Shi ya sa suka gudu Jamus. Sannu da aiki, Malama."

"Likita ya ce zuciyarka ba za ta ɗauki hawa ba."

"Likitan ɗan Jasen ne."

Stanka ta ce, "Kai tsoho, gida nawa ya rage da hayaƙi a ƙauyen nan? Duk mata ne. In ka faɗi a can, wa zai sauko min da kai?"

"In ban je ba, bana ba wanda ya je," ya ce. Ya zare igiyar daga hannunta a hankali, yatsa bayan yatsa. Ta shiga ciki ta fito da burodin masara da cuku, ta tura masa a aljihu ba ta dube shi ba.

Darinka ta bi shi da ido har ya shige cikin itatuwa. Tana da sauran hujjoji, ta haɗiye su.

Washegari da hantsi wasu makiyaya biyu daga Jasen suka shigo da shi a kan bargo ɗaure da sanduna. Babban cikinsu, Mitar, ya cire hula. Ya ce sun tarar da shi zaune a gindin hawan ƙarshe, ya jingina da jakarsa, sun ɗauka hutawa yake har suka yi masa sallama, sai suka ga rai ya yi halinsa.

Darinka ta ji bakinta ya tambaya, "Dutsen fa?"

"Yana can, inna. Shi kansa da ƙyar muka iya." Ya juya hular a hannu. "Wai don me yake kai dutse sama? Duk shekara muna ganinsa muna mamaki."

"Ba ku sani ba?"

"Kakana ya taɓa ambata wani abu na awo. Ban riƙe ba."

Suka shimfiɗe shi a kan teburin ɗakin girki. Darinka ta ɗora ruwa a murhu. Stanka ta tsaya wajen ƙafafunsa tana kwance takalman hawa, amma igiyar ta jiƙe, ƙullin ya ƙi. Mitar ya miƙo wuƙarsa.

"Bar shi, ɗana. Igiyar sabuwa ce."

Ta sunkuya ta sa farce. Makiyayan suna tsaye a bakin ƙofa, ruwan ya fara tafasa, ita kuwa tana ta fama da ƙullin farko.